Jan Barkono: Kyansa Shi Ne Kuɗinsa

Idan kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ana ganin ja ko'ina cikin Damagaram. Ja bisa tabarmi a tsakar gida. Ja bisa rumfuna. Ja cikin buhuna a Kasuwar Dole. Barkono ne da tattasai, wani ana shanya, wani ana sayarwa. A unguwar Kara-Kara ma haka abin yake. Mace takan sayi ɗanye lokacin da yake araha, ta shanya, ta daka yaji, ta riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan a ƙofar gida.

Mai sayen barkono ba ya farawa da ɗanɗano. Ido yake fara aikawa. In ya ga ja mai sheƙi, sai ya tsaya ciniki. In ya ga baƙi-baƙi ko fari-fari, sai ya wuce, ko kuwa ya yi tayin wulaƙanci. Mata biyu suna iya sayen barkonon garka ɗaya a rana ɗaya. Bayan mako biyu, na wannan ya fito jawur, na waccan ya dushe. Ba sa'a ba ce. Bambancin yana wurin tsinka, da shanya, da ajiya.

Jan barkono ba kyan ido ba ne kawai. Alama ce cewa ya bushe lafiya. A wasu ƙasashe har ado ake yi da busasshen barkono, ana sayensa don kallo. Ya kamata manoma da matan gida su san yadda ake kiyaye wannan ja.

BARKONO IRI-IRI NE

Akwai barkono ƙanana mai zafin yaji. Akwai attaruhu mai ƙamshi. Akwai tattasai, babba, mai ba miya launi, yajinsa kaɗan. A wajen Maradi da Tawa ana ce wa barkono tanka. Dukansu ƴan ɗaki ɗaya ne. Danginsu su ne tumatir, da gauta, da yalo, da taba.

Masoro, da kimba, da citta, su ma kayan yaji ne, amma ba dangin barkono ba ne. Masoro yaɗo yake yi, yana hawa itace cikin kurmi mai yawan ruwan sama. Akwai na kudancin Afirka ta Yamma, akwai na Indiya. Da waɗannan mutanen da suke yaji kafin barkono ya zo.

Barkono baƙo ne da ya zama ɗan gida. Asalinsa ƙasashen Amurka ta tsakiya da ta kudu ne. Mutanen Meziko sun yi shekaru dubbai suna noma shi. A 1492 wani matuƙin jirgin ruwa, Kolombus, ya tashi daga Sifen neman hanyar Indiya, ƙasar masoro. Sai ya faɗa Amurka. Ya tarar da barkono, ya koma da shi gida. Daga baya ƴan Fotugal suka kai irinsa gaɓar Afirka da Indiya. Fatake suka shigo da shi cikin ƙasa. Tun kafin zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarautar Damagaram har 1884, barkono ya riga ya shiga tukunyar Bahaushe. Yau babu kilishi, babu tsire, babu yajin jego, sai da shi.

INA YAJIN YAKE, INA JAN YAKE?

Mutane da yawa suna zaton yajin barkono cikin ƴaƴan cikinsa yake. Ba haka ba ne. A tsaga barkono, za a ga wani farin abu wanda ƴaƴan suke manne da shi. Nan ne gidan yaji. Wanda yake son miya marar zafi sosai, sai ya cire wannan farin abin. Yajin ba ya narkewa cikin ruwa, amma yana bin mai. Shi ya sa shan ruwa ba ya kashe zafin baki, amma nono yana kashewa. Tsuntsaye ba sa jin yajin ko kaɗan. Suna ci, su yar da irin a wani wuri, ya tsiro.

Jan kuwa cikin fata da tsokar barkono yake. Ba ya fitowa sai barkono ya nuna. Cikin abubuwan da ke ba shi launi akwai wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, wato rashin gani da dare. Ɗanyen tattasai kuma yana da bitamin C mai yawa. A 1932, a garin Seged na ƙasar Hangari, wani masani mai suna Albert Szent-Györgyi ya fitar da bitamin C mai yawa daga tattasan ƙasarsu. A 1937 aka ba shi babbar kyautar Nobel. Amma shanya tana rage bitamin C sosai. Saboda haka, lokacin da ɗanye yake samuwa, a ci ɗanye.

Jan barkono yana da maƙiya huɗu: laima, da rana mai tsawo, da zafi, da iska in an daka shi an bar shi a buɗe. Duk aikin mai shanya shi ne ya kare barkono daga waɗannan huɗu.

INDA AKE ADO DA BARKONO

A manyan biranen Turai da Amurka akwai masu sana'ar haɗa furanni. Suna ɗaure furanni dami-dami don biki, ko don a ajiye a ɗaki. A garin Alsmir na ƙasar Holan akwai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin furanni na duniya. Har daga Kenya da Habasha ake kai furanni can cikin jirgin sama. Amma ɗanyen fure ba ya daɗewa. Kwana kaɗan ya yi yaushi. Shi ya sa masu sana'ar suke neman busassun ƴaƴan itace masu launi, waɗanda za su yi watanni ba su lalace ba.

Cikin waɗanda suke so ƙwarai akwai ƴaƴan wani itace da Turawa ke ce wa itacen masoron Peru. Asalinsa tsaunukan ƙasar Peru ne, a Amurka ta kudu. Babban itace ne, yana iya kai mita 15. Ganyensa sirara ne, rassansa suna sunkuyowa ƙasa. Yana jure fari. Akwai mace akwai namiji, macen ce kaɗai ke yin ƴaƴa. Ƴaƴan ƙanana ne, sun ɗan fi ƙwayar dawa, launinsu ruwan hoda. Suna reto a tare, tuli-tuli. In an murje su, suna ƙamshi kamar masoro. Amma itacen ba masoro ba ne, ba barkono ba ne. Danginsa su ne kanju da mangwaro.

Yaya masu sana'ar suke busar da su? Suna yanke reshen da ƴaƴansa. Su cire ganye. Su ɗaure, su rataye shi kai ƙasa, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. Ba sa baza shi a rana. Ba sa ajiye shi a ƙasa. Da haka launin yake zama.

Wannan itace yana da ɗan uwa a ƙasar Barazil. An kai shi jihar Fulorida ta Amurka don ado. Tsuntsaye suka watsa irinsa, ya mamaye daji, ya kori itatuwan wurin. Yanzu an hana sayar da shi a can. Na Peru ma ya zama matsala a Afirka ta Kudu. Saboda haka kada wani ya shigo da baƙon itace bai tambayi ma'aikatan gandun daji ba. Ba itacen ne abin ɗauka ba. Dabarar shanya ita ce abin ɗauka.

Barkonon miya shi ma ana ado da shi. A kudu maso yammacin Faransa, kusa da iyakar Sifen, akwai ƙauye mai suna Espelet. Bangayen gidajensu farare ne. Da kaka suna jera jan barkono a igiya, su rataye a jikin bango. Baƙi suna zuwa kallo daga nesa. Kowace shekara, a ƙarshen watan Oktoba, suna bikin barkono. A shekarar 2000 hukumar Faransa ta kare sunan barkononsu, ba mai sayar da wani da wannan suna. A jihar Sabuwar Meziko ta Amurka, ana rataye igiyar barkono a ƙofar gida, alamar maraba da baƙo. A ƙauyukan Hangari ma ana rataye tattasai a ƙarƙashin rufin ɗaki.

Duk waɗannan mutane ba don ado suka fara ba. Ajiyar abinci suke yi. Da abin ya yi kyau, sai ya zama ado, ya zama kuɗi.

ABIN DA DIFA TA NUNA

Ba sai an je Turai ba kafin a ga darajar jan tattasai. Gabas da Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 400, akwai Difa. Kogin Komadugu Yobe yana bin iyakar Nijar da Najeriya, ya zuba cikin Tabkin Cadi. A bakinsa manoma suna noman tattasai da injin ban ruwa. Suna shanya shi, su ɗura a buhu. Motoci suna kai shi Najeriya, da Damagaram, da Maradi, da Yamai. Saboda kuɗin da yake kawowa, ana ce masa jan zinariya.

A 2015, bayan hare-haren Boko Haram, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa. Aka hana cinikin tattasai, don gudun kada kuɗinsa su shiga hannun ƴan bindiga. Manoma da masu tsinka da masu dako suka shiga wahala. Sai a 2017 aka ɗage hanin. A lokacin ne kowa ya gane gidaje nawa tattasai ke ciyarwa. Kuma a cinikin tattasai, buhu mai ja mai kyau shi ke fara tashi.

A jihar Damagaram ma akwai garake: a Mirya, da Gidimuni, da ƙasar Matamai da Magarya. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa jama'a su kama noman rani. Tun daga nan garake suka ƙaru. Barkono yana cikin abin da ake nomawa.

WANDA BA SHI DA GARKA FA?

Kara-Kara unguwar talakawa ce. Gidaje a matse suke. Birnin Damagaram kuwa bisa duwatsu yake, ruwa yana da wuya tun da. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Wanda ke sayen ruwa a jarka ba zai iya ban ruwan fangali ba. Amma zai iya riƙe gindin barkono biyar ko shida a tsakar gida. Ga yadda ake yi:

1. A nemi tsohon bokiti, ko tukunya mai tsagewa, ko jarkar da aka yanke. Ya zama tana cin lita 10 ko fiye. A huda gindinta. A zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa.

2. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Sabon taki yana ƙone saiwa.

3. A zaɓi iri daga barkonon da ya nuna jawur, daga gindi mai lafiya. A shuka shi cikin wani ƙaramin kwano, zurfin santimita 1. Yana tsirowa cikin mako ɗaya ko biyu.

4. Bayan mako biyar ko shida, in ya yi ganye biyar ko shida, a dasa shi da marece. Kowane bokiti gindi ɗaya. A garka, a bar santimita 40 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi.

5. A rufe bakin ƙasar da ciyawa busasshiya ko ɓawon gyaɗa, don kada ruwa ya tsere. A lokacin sanyi, kusan lita 1 a rana tana isar gindi ɗaya. Da bazara yana buƙatar fiye da haka.

6. Ruwan wankin hatsi, da na wankin ganye, da na alwala, duk suna yi. Ruwan da ke da omo ko gishiri ba ya yi.

7. A kare shi daga awaki da kaji.

Lokaci mai kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ko kuwa farkon damina. Zafin bazara yana kaɗe furen barkono. In zafi ya yi tsanani, a matsar da bokitin inda zai sha hantsi, ya samu inuwa da azahar. Wata biyu zuwa uku bayan dashe, ana fara tsinka.

In darɓa ko farin ƙuda sun sauka bisa ganye, a daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo. A jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana. A tace, a yayyafa da marece. Gindin da ganyensa ya nannaɗe, ya ƙi girma, a tuge shi a ƙone, kada ya shafa wa sauran. A garka, kada a dasa barkono inda aka cire tumatir ko gauta, don cutarsu ɗaya ce.

HAƊARIN HUNHUNA

Babban maƙiyin mai shanya shi ne hunhuna. Barkonon da aka tara da laima, ko aka baza a ƙasa, ko aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, yana yin hunhuna. Wani lokaci a ciki take. Daga waje ba a gani sai an tsaga.

Wata irin hunhuna tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, saboda sun ci abinci mai ƙulin gyaɗa da ya yi hunhuna. Gubar tana kama gyaɗa, da masara, da busasshen barkono. Tana cin hanta sannu a hankali, har tana kawo sankarar hanta. Dahuwa ba ta kashe ta. Daka ba ya kashe ta. Wanda ya daka barkono mai hunhuna ya sayar, ya sayar wa maƙwabtansa cuta. Rigakafi ya fi magani.

YADDA AKE TSINKA DA SHANYA

1. A tsinki wanda ya nuna sosai. Kore ba ya zama ja mai kyau a wurin shanya, fari-fari yake komawa.

2. A tsinka bayan raɓa ta bushe. A tsinko shi da ɗan koren karan da ke riƙe da shi, wanda mata ke ce wa hanci.

3. A tsince. Mai huji, da mai tabo, da wanda ya yi laushi, a ware su. Ɗaya ruɓaɓɓe yana ɓata tabarma guda.

4. Kada a baza a ƙasa, ko a bakin hanya. A shimfiɗa tabarma mai tsabta bisa rumfa ko bisa gadon kara, don iska ta bi ta ƙasa. Kaji da awaki da ɓeraye ba za su taka ba.

5. A baza shi shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani. A juya shi sau biyu a rana.

6. Kwanakin farko a ba shi rana, don ruwan jikinsa ya ragu da sauri. In ya yi yaushi, ya fara sauƙi, a mayar da shi inuwa mai iska ya ƙarasa. Iskar hunturu busasshiya ce, tana yin aikin. Barkonon da aka manta a rana bayan ya bushe, koɗewa yake yi.

7. In ƙura ta taso, a rufe shi da yadi mai shara-shara. Da dare a shigar da shi ɗaki, saboda raɓa.

8. Shanya tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Tattasai ya fi barkono jimawa, don tsokarsa ta fi kauri. A girgiza shi kusa da kunne. In ƴaƴan ciki suna kaɗawa, ya bushe.

9. A bari ya huce kafin a ɗura. A sa shi cikin buhu mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar takin zamani ko maganin ƙwari ba. A ɗora buhun bisa katako, nesa da bango, cikin ɗaki mai duhu.

10. Kada a daka duka gaba ɗaya. Dakakke ya fi saurin koɗewa. A daka na mako ɗaya ko biyu, a rufe cikin kwalba ko gwangwani.

IGIYAR BARKONO: RUMBU NE, ADO NE

Wanda ba shi da filin shanya, igiya ta ishe shi. A samo basilla da zare mai ƙarfi, tsawon mita 1. A ƙulla ƙarshensa. A soka basilla a hancin barkono, ba a jikinsa ba. Huji a jiki ƙofar ruɓa ce. A jera, wannan ya dubi dama, wannan ya dubi hagu, don iska ta shiga tsakani. Tattasai 20 ko 30 sun isa igiya ɗaya. A rataye a ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure. Kada a rataye bisa murhu, hayaƙi yana mayar da shi baƙi. Da damina a duba shi kullum.

Igiyar tana ƙawata gida. Ranar da miya ta buƙata, uwargida ta miƙa hannu ta tsinka daga ƙasa.

Mutanen Damagaram sun san ado. Ga zanen bangaye a unguwar Birni. Ga aikin dukawa. Ga jeren ɗakin amarya. Mai basira yana iya ɗinka jan barkono a kewayen faifai. Yana iya ɗaure shi da zangarniyar gero, da jar dawa, da busasshen soɓorodo, ya tsayar cikin ƙwarya ko ƴar tukunya. Duk kayan gida ne, ba a saye daga waje ba. Ana iya nuna irin wannan aiki ga masu otal, da masu kanti, da ma'aikatan ofis. Amma a fara da kaɗan. Kasuwar ado ƙarama ce. Kasuwar miya ita ce tabbas. Alherin igiyar barkono shi ne, in ba a saye ta don kallo ba, za a saye ta don ci.

GARGAƊI

Barkonon da aka shafa wa fenti ko man sheƙi don ado, ya tashi daga abinci. Kada a ci, kada a ba dabba. Wanda ya daɗe a rataye ya sha ƙura, a tsaga a duba cikinsa kafin a sa a miya.

Kada a zuba rini cikin dakakken barkono don ya ƙara ja. Ha'inci ne, kuma cuta ce. A 2003 aka kama garin barkono mai rinin masana'anta a Faransa. A 2005 aka janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantunan Ingila saboda irin wannan rini.

Ba kowane jan ɗan itace ake ci ba. Idon zakara ja ne mai ɗigon baƙi, yana da kyau, ana ado da shi. Amma kyan ɗan maciji ne. Ƙwaya ɗaya in an tauna tana iya kisa. Kada a haɗa shi da barkono a igiya ɗaya. Kada a bar shi hannun yara. Ƴaƴan itacen Peru ma suna iya tayar da ƙaiƙayi da kumburi ga wanda kanju ba ya karɓarsa.

A rataye igiyar barkono inda hannun yaro ba ya kai. Bayan taɓa barkono a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki jinjiri. In ya shiga ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta mai yawa. In zafin bai lafa ba, a je gidan likita. Mai daka ta rufe hanci da baki da ƙyalle, ta daka a fili, ba cikin ɗaki ba.

LISSAFI DON ƳAN MAKARANTA

Ɗanyen barkono yawancinsa ruwa ne. Kilo 4 ko 5 na ɗanye suna ba da kusan kilo 1 na busasshe. A ce wata mace ta sayi ɗanye kilo 20. A ce kowane kilo 4 ya ba ta kilo 1. Kilo nawa za ta samu? Kilo 5. To, a ce ta baza shi a ƙasa, raɓa ta sauka, kilo 1 ya yi hunhuna. Ba kilo 1 ta yi hasara ba. Kuɗin ɗanye kilo 4 ne suka tafi, ga wahalar kwanaki. Sauran kilo 4 ɗin ma, in sun dushe, ba za su yi daraja ba. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu, ya buga lissafin cikin littafinsa.

Ga tambayoyi uku da za a tattauna a aji. Mene ne maƙiya huɗu na jan barkono? Don me ake soka basilla a hanci, ba a jiki ba? Me za a yi da barkonon da ya yi hunhuna?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman matan da ke shanya da daka. Mata biyar ko goma a unguwa suna iya haɗa hannu su kafa gadon shanya ɗaya, su riƙa gadinsa bi da bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bana kowane gida ya gwada igiya ɗaya a inuwa, ya baza wani a ƙasa kamar yadda aka saba. Bayan wata ɗaya a ajiye su kusa da juna, a duba. Gani ya kori ji.